Maƙoƙon gwaggo da bugun zuciyarta

 

Da gwaggona zan fara. Tana wani ƙauye a yankin Mayahi, kuma tun ina yaro nake ganin maƙoƙo a wuyanta. Mun saba da shi har mun daina ganinsa. Sai bara ta fara ramewa alhali tana cin tuwo fiye da da, ga zufa ko cikin sanyin hunturu, hannu na rawa, gaba na faɗuwa dare da rana. Wasu suka ce tansiyon ne, wasu suka ce iska. Wata shida muka ɓata wajen hayaƙi da jiƙe-jiƙe.

Da na ɗauko ta zuwa wajena a Tasawa, wata ma'aikaciyar jinya ta riƙe wuyan hannunta minti guda, ta ce zuciyar nan ba ta tafiya daidai, ku wuce Maraɗi. Can aka ɗebi jini aka auna TSH da T4, aka kuma yi mata gwajin zuciya na ECG.

Ga abin da na koya. A gaban wuya akwai wani ɗan nama da likitoci ke kira tiroyid, shi ke saita saurin aikin jiki. Ƙarancin sinadarin iyod na sa shi kumbura. To amma tsohon maƙoƙo, bayan shekaru yana kwance lafiya, yana iya juyawa ya riƙa zuba sinadarinsa fiye da kima. Sai zuciya ta rikice, tana bugawa barkatai, jini ya taru a cikinta ya daskare. In gudan jinin ya tafi ƙwaƙwalwa, shi ne shanyewar ɓarin jiki. Mai irin wannan bugun, haɗarinsa ya kai ninki 5 na sauran mutane.

Don haka in kun je gida, ku ɗora yatsu biyu a wuyan hannun tsohuwa, ku ƙirga minti ɗaya. Tsakanin 60 da 100, a jere kamar dakan mace ɗaya, lafiya lau. In ya haura 100 tana zaune, ko yana tsalle-tsalle, asibiti, ba mai tallar magani a faranti ba. Maganin tsinka jini musamman, wallahi ba a shan sa da ka. Likita ne ke duba ko ya dace. In kuwa baki ya karkace ko hannu ya saki, kar a jira gari ya waye.

Gishiri mai iyod yana kare yara daga maƙoƙo, ku saye shi. Amma ba ya warkar da wanda ya riga ya tsufa a wuya.

Gwaggo tana shan karbimazol yanzu, ta fara murmurewa, har ta koma kaɗa fura. Wata mai zuwa za mu koma Maraɗi a sake auna jinin.