Sirrin Ƙwan Kuku: Gadon Uwa Zalla

A cikin tsuntsaye akwai wani dangi da Turawa ke kira kuku (ba kukun ɗakin girki ba), wanda ragon maza ma ɗan gidansu ne. Shi ragon maza yakan yi sheƙarsa ya reni 'ya'yansa. Amma da yawa daga cikin danginsa ba su san wannan wahala ba: macen takan faki ido ta saka ƙwanta a sheƙar wata tsuntsuwa, ta bar mata reno. Don kada asiri ya tonu, tilas ƙwan ya yi kama da na mai sheƙar.

A nan masana suka daɗe suna taƙaddama. Namiji ba ya zaɓen mace bisa ga sheƙar da ta tashi a ciki, to yaya launin ƙwan bai gauraye ba? A 1933 wani masani ɗan Ingila, Reginald Punnett, ya ce a duba kuromosom, wato zaren nan da ke ɗauke da gado a cikin ƙwayar halitta. Ɗan Adam yana da 46, kaza 78. A wurin tsuntsaye, namiji yana da Z guda biyu, mace kuwa Z da W. Ita W daga uwa take zuwa ga 'ya, uba ba shi da hannu a ciki.

Sai bayan shekaru fiye da 80 aka sami hujja mai ƙarfi. A 2016 wasu masana a Norway suka nuna cewa shuɗin ƙwan kuku ta wajen uwa ake gadonsa. A 2022 kuma Claire Spottiswoode da abokan aikinta suka tabbatar da irin wannan gado a kudancin Zambiya, a wata 'yar tsuntsuwa mai wannan hali, ko da yake ba kuku ba ce ta ainihi.

Amma binciken Zambiya ya bayyana illar abin, kuma nan ne ya fi ban sha'awa. Gadon da ba ya cuɗanya da na uba ba ya saurin kawo sabon launi. Firiniya, ɗaya daga cikin tsuntsayen da ake yi wa wannan cuta, takan yi ƙwai fari, ko shuɗi, ko jaja-jaja, kuma duk macuciyar ta iya kwaikwayonsu. Amma waɗansu firiniyoyi suna yin kore mai duhu, wanda masu binciken ba su taɓa ganin ta kwaikwaya ba. A irin wannan sheƙa, baƙon ƙwai ba ya ɓuya, fitar da shi ake yi.