Idan An Tare Wa Mutum Hanya, Wa Ke Kai Duka?



Dukanmu mun san takaici. Ka sha wahala a kan abu, ana gab da samu, sai a tare maka hanya. A shekarar 1939 wasu masana na Jami'ar Yale a Amurka, cikinsu da John Dollard da Neal Miller, suka ce daga takaici ne duka da zagi suke fitowa. Maganarsu da gaskiya a ciki, amma ba ta cika ba. Mutum biyu za a hana abu ɗaya, wannan ya haɗiye ya tafi gida, wancan ya ɗaga hannu. Bambancin yana cikin halin mutum.

A 2002 Delroy Paulhus da Kevin Williams na ƙasar Kanada suka haɗa munanan halaye uku wuri ɗaya: ji da kai mai wuce kima, makirci, da ƙeƙasasshiyar zuciya marar tausayi.

Bari in daɗe a kan na farkon, domin shi muka fi gamuwa da shi. A 1998 Brad Bushman da Roy Baumeister suka sa ɗalibai yin rubutu. Wasu aka yabe su, wasu aka kushe aikinsu ƙwarai. Bayan haka aka ba kowa damar aika ƙara mai zafi cikin kunnen wanda ya duba masa rubutun. Waɗanda suka fi ƙure ƙarar su ne masu ji da kansu da aka kushe. Mun saba cewa mai mugunta yana ganin kansa ba komai ba ne, shi ya sa yake cin zali. Wannan gwaji bai nuna haka ba. Wanda ya kumbura ne ke fashewa in an taɓa shi.

A 2010 Daniel Jones da Paulhus suka ƙara dubawa. Mai ji da kai, cin fuska ke tunzura shi. Marar tausayi kuwa, sai an cutar da jikinsa yake ramawa da zafi. Mai makirci bai tunzura sosai da ko ɗaya ba, kuma ni dai shi na fi jin tsoro a cikin kwamiti. Ba zai daka maka tsawa ba. Zai yi murmushi, ya ce ba komai, ya jira ranar da ramuwa ba za ta jawo masa asara ba.