Kaluluwa Da Allurar Hoton MRI: Jawabi A Taron Ƙungiya

Ranka ya daɗe Sarkin Hausawa, malamanmu, iyaye da 'yan'uwa mazauna Agege, barkanmu da zuwa.

Mu dai 'yan kasuwa ne, ba likitoci ba, amma zaryar kai marasa lafiyarmu asibitin koyarwa na Ikeja ta koya mana abin faɗa. Maganar kaluluwa ce. Ka ji ciwo a ƙafa, ta fito a matsematsi, ciwon ya warke ta koma. Wannan ba komai. Amma wadda ta yi makonni a wuya ko hammata, ta yi tauri, ba zafi, tana iya zama tarin fuka ko ciwon daji. Mu kuwa sai mu kai wa wanzami ya tsaga!

In likita ya ce a ɗauki hoton MRI, sau da yawa sai an yi allura a jijiya. Nan wasunmu ke cijewa, har wani ya tattara ya yi Arewa ba a ɗauka ba. Jama'a, allurar nan ruwa ne mai sinadarin gadoliniyam, tun 1988 ake aiki da shi. Yana bin jini ya haska wurin, kamar yadda muke fito da shadda rana mai saye ya ga zarenta. Ƙoda ke fitar da shi ta fitsari.

To nan gizo ke saƙar. A 2006 aka gano cewa yana iya jawo wa mai ciwon ƙoda mai tsanani wata cuta mai ƙandarar da fata. Shi ya sa ake gwada jini tukuna. Don Allah mai ciwon ƙoda, suga ko hawan jini ya faɗa. Mai juna biyu ma ta faɗa, ban da kunya.

Akwai wani ruwan mai garin ƙarfe, da likitocin Amurka da Holan suka ba da rahotonsa a 2003. Allura yau, hoto gobe: lafiyayyar kaluluwa ta sha ƙarfen ta yi baƙi, mai daji ta ƙi sha. Wannan bai zama ruwan dare ba, na farkon za a yi mana. Kuma ko hoto ya nuna, galibi sai an ɗebi ɗan nama an auna kafin a yanke magana.

Ranar ɗaukar hoto a cire zobe, agogo da makullan shago, don injin babban maganaɗisu ne. Wanda aka taɓa sa wa ƙarfe a jiki ya faɗa tun a bakin ƙofa.