Tsami, Wari da Funfuna: Halittun da Ke Cikin Abincinmu



Kowace ƙwaryar nono da ake kawowa kasuwa a ƙasar Adar cike take da halittu masu rai, miliyoyi a cikin ludayi guda, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Kada wannan ya tayar wa kowa hankali, don su ne suka mai da madara nono. Idan mace ta zuba ɗan nonon jiya a cikin madarar yau ta rufe, bakteriya masu kawo tsami ta shuka. Suna cinye zaƙin madarar su fitar da tsami, madarar ta daskare. Da tsamin ya kai wani mataki, ƙwayoyin cuta da yawa ba sa iya hayayyafa, musamman ta kwalara, wadda ba ta jure tsami. Aikin da bakteriya masu kawo tsami suke yi ke nan a kamun koko idan gero ya kwana a ruwa. Tun kafin Louis Pasteur ya bayyana wannan a Faransa a 1857, matan ƙasar nan da tsami suke adana madara a zafin da ya wuce digiri 40.

Sai daddawa, ta kalwa ko ta batso da ake yi da gurguzu. Ana dafa ƙwayar ta yi laushi, a lulluɓe ta kwana biyu ko uku. Da ka buɗe za ka ji ɗumi, ka ga yauƙi yana bin yatsa, wari ya cika ɗakin. Aikin wata bakteriya ce, Bacillus subtilis, mai farfasa sinadarin gina jiki ya zama mai sauƙin narkewa da daɗi a miya. Hanci yana gudun daddawa, amma da wuya daddawar da ta dahu a miya ta kwantar da mutum.

Abin da ke kwantar da mu galibi ba shi da wari ko kaɗan. Madarar da aka tatso yanzu, fara fat, mai kumfa, tana iya ɗauke da tarin fuka na shanu, ko ƙwayar Brucella mai sa dabba ɓari, ta sa mutum zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa har a yi ta shan maganin sauro a banza. Tsami yana rage su, bai da tabbacin gamawa da su. Tafasawa ce ke gamawa da su, kuma na san wasu za su ce tafasasshiyar madara ba ta da gardi. Su tuna kindirmo: tafasa shi ake yi, ya huce, sannan a zuba masa iri.

Amma inda na fi jin tsoro shi ne ruwa. Nono ya yi tsaminsa lafiya, sai a tsinka shi da ruwan tafki, a sa garin kuka ya yi kauri. Ruwan ya rage tsamin, ya kuma shigo da nasa baƙin. Sai a dama fura da hantsi, a kai gona, a sha ragowar da la'asar. Ƙwayar bakteriya ɗaya, idan ta samu ɗumi da abinci, tana rabuwa biyu kowane minti 20. Cikin awa 7 ta haura miliyan 2. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa gurɓataccen abinci na kashe mutum 420,000 a shekara, 137,000 daga ciki a Afirka. Mu da muka ga kwalarar 2021 a jihar Tahoua mun san yadda amai da gudawa ke tsotse yaro cikin yini guda.

Akwai kuma wanda wuta ma ba ta iya masa. Gujiya ko masarar da aka zuba a buhu ba ta gama bushewa ba tana yin funfuna, wani irinta kuma, Aspergillus flavus, yana barin dafin da ake kira afalatoksin. An gano shi bayan talotalo kusan 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda cin tunkuzar gujiya. A Kenya, a 2004, masara mai wannan dafi ta kashe mutum 125. Suya ba ta kawar da shi, yana bin ƙuliƙuli, yana bin nonon saniyar da ta ci tunkuzar, kuma a hankali yake cin hanta har ya kai ga ciwon daji, musamman ga mai ciwon hanta nau'in B. Abin takaici, ƙwayar da ta yanƙwane ko ta canza launi ita ake warewa daga ta sayarwa a bar wa gida, yara su ɗiba. Wannan ƙwayar ta zubarwa ce, ko akuya kada a ba. A shanya gujiya a kan tabarma ko leda har sai ta yi ƙara idan an girgiza kwanson, a ɗora buhu a kan itace nesa da bango, a kuma duba rufin rumbu kafin ruwan farko.

Yanzu sai tambayoyinku, kuma ina roƙon a fara ba masu sayar da nono dama.