CACA MAI LASISI DA KUƊIN KAKA: JAWABI GA ƊALIBAN ƘASAR MASKA



Akwai wata tambaya da ke yawo a ɗakunan kwananmu da wuraren kallon ƙwallo, har da teburan masu shayi na Funtuwa da Malumfashi, watau wai a cikin kamfanonin caca na waya wanne ne ya fi aminci, tun da yake hukumomi sun ƙara matsa musu, an ce wasu na da lasisi wasu ba su da shi. Mun san akwai waɗanda za su ce bai kamata a ɗauko wannan magana a taron ɗalibai Musulmi ba, domin hukuncinta a bayyane yake a cikin Suratul Baƙara da Suratul Ma'ida, inda aka haɗa caca da giya. Wannan gaskiya ne. Amma masu tambayar 'yan'uwanmu ne, sun kuma san hukuncin tun suna makarantar allo, bai hana su tambaya ba. Saboda haka muka ga ya fi kyau mu amsa musu da tarihi da doka da lissafi, kayan aikin da iyayenmu suka aiko mu jami'a mu koyo.

Caca ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Maska tsohon gari ne na auduga da saƙa da rini, kuma tun da jirgin ƙasa ya iso Funtuwa a ƙarshen shekarun 1920, aka kafa masana'antun gurzar auduga a nan da Malumfashi, kuɗi suka riƙa shigowa hannun manoma a dunƙule sau ɗaya a shekara. Iyayenmu sun san yadda 'yan karta da 'yan wala-wala kan bi kasuwanni da kaka, kamar yadda ƙuda ke bin maɗi. Sai dai a wancan zamani ɗan caca yana da kunya. A kango yake laɓewa ko a bayan tasha, in kuwa aka gane shi, samun auren 'yar mutunci kan yi masa wuya. Daga baya cacar takardun ƙwallon Ingila ta shigo birane, injunan zuba kwabo suka biyo baya, har gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta haramta irin waɗannan injuna da doka a 1977.

A shekarar 2005 Gwamnatin Tarayya ta yi dokar caca ta ƙasa, ta kafa hukumar da ke ba da lasisi daga Abuja. Kamfanin NairaBet ya soma aiki a 2009, Bet9ja a 2013, wasu irin su SportyBet da BetKing suka biyo sahu. Da wayar hannu mai intanet ta yi araha, tura kuɗi ta banki ya zama abin minti ɗaya, sai kango ya koma cikin aljihu. Yau saurayi na iya zama kusa da mahaifinsa a zaure, yana cin dukiyar gidan, tsohon yana zaton karatu yake yi.

To, mene ne lasisi, wa ke ba da shi? Jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya ƙara tun 2008 a kan wannan batu, sai a ranar 22 ga Nuwamba, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa tsarin mulki bai ba Majalisar Tarayya ikon yi wa jihohi dokar caca ba, dokar 2005 ba ta aiki sai a Birnin Tarayya kaɗai. Ma'anar wannan ita ce kowace jiha ita ke da wuƙa da nama a cikin iyakarta. Kafin hukuncin, mai shagon caca a Kano kan nuna takardar Abuja ya ce da izinin hukuma yake aiki. Hukumar Hisba ta Kano ta rufe shaguna da dama a watan Oktoba na 2024, bayan hukuncin kuma ta ce za ta ci gaba. Jiharmu ta Katsina ta ƙaddamar da Shari'a tun shekarar 2000, gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa da ta hau mulki a 2023 kuma ta kafa tata hukumar Hisba. Don haka duk wanda ya ce wa ɗan Bakori ko ɗan Ɗanja kamfani kaza yana da lasisi, sai a tambaye shi: lasisin wace jiha? Takardar da Legas ta bayar ba ta halatta kome a Ƙafur ba.

Bari mu kwatanta yadda wurare uku suka ɗauki al'amarin. Legas ta zaɓi ta yarda da caca, ta karɓi haraji, ta kafa hukuma ta musamman da dokar 2021. Abin da irin wannan lasisi ke alkawari shi ne kamfani zai biya wanda ya ci, ba zai karɓi yaro ƙasa da shekara 18 ba, kuma akwai ofishin da za a kai ƙara. Ingila, wadda yawancin samarinmu ke caca a kan ƙwallonta, ta saki linzami da dokar 2005, sa'an nan ta shiga janyo shi da ta ga ɓarna. A 2019 ta rage abin da mutum zai iya zubawa a injin shagon caca a juyi ɗaya daga fam 100 zuwa fam 2. A 2020 ta hana caca da katin bashi na banki, ta kuma tilasta wa kowane kamfanin intanet shiga wani tsari da mutum zai rubuta sunansa sau ɗaya, a rufe masa ƙofofin kamfanonin duka. A 2025 ta ƙayyade fam 5 a juyi ɗaya ga injunan intanet, fam 2 ga matasa 'yan shekara 18 zuwa 24, watau sa'o'inmu. Ƙungiyoyin ƙwallon Firimiya ma sun amince tun 2023 su cire sunayen kamfanonin caca daga gaban rigunansu. Mu kuwa a nan mun haramta gaba ɗaya, amma haramcin yana tsayawa a bakin ƙofar shago. Ɗan Hisba na iya garƙame shago, ba shi da hanyar garƙame waya. Sakamakon haka saurayinmu ya faɗa tsakiya: dokar jiharsa ba ta kai ga kamfanin ba, shi kuma in an cuce shi ba ya iya kai kuka, domin zai tona wa kansa asiri.

Yanzu sai lissafi, wanda shi ne zuciyar maganar, domin lasisi ba ya taɓa shi. Ku ɗauki faifan nan da ake juyawa a gidajen caca, mai gurbi 37. Wanda ya zaɓi lamba ɗaya ta fito, ribi 35 ake biyansa tare da uwar kuɗinsa, alhali kuwa adalci shi ne ribi 36. Wannan ɗan giɓi yana ba gidan kusan naira 2 da kwabo 70 a cikin kowace naira 100 da aka zuba. Injin intanet da ke taƙama yana mayar da kashi 96 cikin 100 ga 'yan wasa yana nufin yana riƙe 4. Za ku ce kaɗan ne. To, wanda ya shiga da naira 1,000, yana zuba 100 a kowane juyi yana sake zuba abin da ya ci, in ya yi juyi 200, jimlar abin da ya bi ta injin naira 20,000 ce, kashi 4 nata kuwa 800. Kafin ya gama shan shayi jarinsa ya kusa ƙarewa, ba tare da an yi masa maguɗi ko na anini ba.

Cacar ƙwallo, wadda ta fi kama mu domin muna ganin mun san wasa, ta fi wannan yanka. A ce ƙungiyoyi biyu ƙarfinsu ɗaya, kamfani kan ba kowace 1.90 maimakon 2.00, ya riƙe kashi 5. Amma wa ke zuba kuɗi a wasa ɗaya? Jerawa ake yi. Wanda ya jera irin waɗannan wasanni 10 a tikiti ɗaya, damarsa ta ci ɗaya ce cikin 1,024. In ya zuba naira 100 ya dace, za a ba shi kimanin 61,300, alhali lissafi na gaskiya 102,400 ne. Kashi 5 ya zama kusan kashi 40. Wannan ne ya sa kamfanoni ke ba da gyara ga mai dogon tikiti, kuma wannan ne asirin kukan da muke ji kullum, wai wasa ɗaya ne ya ɓata tikitin. Ita ma kyautar maraba da ake yi wa sabon shiga, sharaɗinta shi ne sai an juya ta sau da yawa kafin a cire, watau sai ta bi ta cikin wancan giɓi har ta narke. Kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski.

Ga amsar tambayarmu ke nan. Bambancin mai lasisi da marar lasisi shi ne na farko yakan biya in an ci, na biyu yana iya gudu da kuɗin duka. Bambancin masu lasisi a junansu kuwa bai wuce wannan ya riƙe kashi 4 wancan ya riƙe 7 ba. Babu ko ɗaya da aka gina domin mai zubawa ya tashi da riba, in da haka ne da ba a samu kuɗin talla da na haraji ba.

Abin da ya sa wannan ya dame mu ƙwarai shi ne irin kuɗin da ake zubawa. Tun shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa da aka fara a 1975 da taimakon Bankin Duniya, ƙasarmu ta zama rumbun masara, 'yan kasuwa na zuwa Dandume daga kudu da arewa. Amma manomi har yanzu sau ɗaya yake ganin kuɗi mai kauri a shekara, a cikinsa taki yake, da iri, da kuɗin makarantarmu. Da yawa daga iyayen nan suna noma ne a kan tsoron 'yan bindiga, musamman wajen Faskari da Sabuwa. Buhun da aka sayar aka turo mana, in ya tafi a daren Asabar ɗaya, daminar baɗi ce aka ci. Haka bashin karatu da Gwamnatin Tarayya ta fara bayarwa a 2024, wanda za a biya bayan an gama. Haka albashin ƙaramin ma'aikaci, wanda mafi ƙarancinsa a dokar 2024 naira 70,000 ne. In albashi ya ƙare a 10 ga wata, ga kuɗin ofis a durowa, kun san inda Shaiɗan zai nuna.

Muna da shawara huɗu. Ta farko ga 'yan majalisar jiha: tun da Kotun Ƙoli ta miƙa musu iko, su yi dokar da ta san waya, wadda za ta taɓa talla a rediyo da allunan titi da gidajen kallon ƙwallo, su kuma haɗa kai da hukumar sadarwa da Babban Banki, domin can hanyar kuɗin take. Ta biyu ga malamai da iyaye: Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca cikin jerin cututtuka a kundinta da ya fara aiki a 2022. Wanda ta kama yana bukatar nasiha da likita da rufin asiri, gori kuwa sai ya ƙara tura shi ɓoye. Ta uku ga ƙungiyarmu: idan mun je hutu, mu bi makarantun sakandare na garuruwanmu da alli, mu yi wa ƙannenmu lissafin nan na tikiti 10 a kan allo, domin abin da yaro ya ƙirga da hannunsa ba ya mantawa. Ta huɗu ga kanmu: kwaɗayin juya kuɗi ba aibu ba ne, iyayenmu mata sun daɗe suna yi da adashi da kiwon tumaki, iyayenmu maza da ajiyar hatsi daga kaka zuwa bazara. A can ma akan yi hasara wata shekara, amma babu wanda ya tsara ta tun farko ya sa hannu.

Mu ne aka ɗauke wa fartanya aka ba alƙalami, da fatan mu zama idon gari. Abin kunya ne a ce kamfanin da ke Legas ko Turai ya fi mu sanin ranar da ake sayar da masara a Dandume. Allah ya tsare mana dukiyar iyayenmu, ya shiryi waɗanda suka faɗa, ya ba mu damina mai albarka.