Allunan Tarihi na Bakin Hanya: Wa Ke da Haƙƙin Hotunansu?



Kwamitin wallafa ne ya nemi in yi magana a kan wani al'amari da ya tsayar masa da aiki. Kamar yadda kuka sani, ƙungiya na shirin buga kalanda da ɗan littafin tarihin gari domin sayarwa, a zuba kuɗin cikin asusun gyaran azuzuwan firamare. Daga cikin hotunan da aka tara akwai na allunan da gwamnati ta kakkafa a bakin hanya, a tsohuwar ƙofar gari da gindin ganuwa. Shin muna da ikon buga su mu sayar? Wasu sun ce ai kayan gwamnati na kowa ne. To, doka ba haka ta ce ba.

Dokar da ke aiki a yau ita ce Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin ta 1988. A cikinta, duk aikin da aka yi bisa umarnin gwamnati ko ƙarƙashin kulawarta, ta tarayya ce ko ta jiha, yana da haƙƙin mallaka, kuma haƙƙin zai ci gaba har shekara 50 bayan ƙarshen shekarar da aka fara fito da aikin ga jama'a. Lissafin ba shi da wuya, ɗan aji huɗu ma zai yi shi. Allon da aka kafa a 1970, haƙƙin rubutunsa ya faɗi tun ƙarshen 2020, kowa na iya kwafa. Wanda aka kafa a 1995 kuwa, sai bayan 2045. Ashe ke nan abu na farko da ya kamata kwamiti ya binciko shi ne shekarar kowane allo.

Mai yiwuwa wannan zance na "kayan kowa" daga Amurka ya samo asali, domin can aikin da ma'aikacin gwamnatin tarayya ya yi a bakin aikinsa ba shi da haƙƙin mallaka sam. Amma ko a can ɗin, galibin allunan bakin hanya na jihohi ne. Jihar Bajiniya ta fara kafa nata tun 1927, kuma waccan ƙa'ida ta tarayya ba ta hau kan jihohi ba.

Sai dai kada gabanmu ya faɗi. Doka ba ta ba kowa mallakar tarihi ba. Sunan sarki, shekarar da aka kafa gari, yawan ƙofofin ganuwa, waɗannan bayanai ne tsura, dokar ta fitar da su daga kariya. Abin da take karewa shi ne yadda marubuci ya tsara jimlolinsa da yadda mai zane ya zana hotonsa. Allon da bai wuce suna da shekara ba, babu wani abin riƙewa a cikinsa. Wanda ke ɗauke da sakin layi biyu ko uku na bayani, ko taswira, ko zanen wani jarumi bisa doki, shi ne abin lura. Haka kuma wurin tarihin kansa dabam, allonsa dabam. Hasumiyar Gobarau ta Katsina da Gidan Makama na Kano, duk suna ƙarƙashin kulawar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa wadda aka kafa a 1979, amma maginansu sun shuɗe ƙarnoni da suka wuce, ba a maganar haƙƙin mallaka a kansu. Izinin shiga da kyamara, inda ake neman sa, wata magana ce dabam.

Akwai wani sauyi da ya kamata masu ɗaukar hoto a cikinmu su sani. Dokar 1988 ta faɗa ɓaro-ɓaro cewa ana iya kwafa da rarraba hoton aikin fasaha da aka girke dindindin a inda jama'a ke ganinsa. Sabuwar dokar ta ambaci sanya irin wannan aiki a fim ko shirin talabijin, amma ta bar wancan izini na kwafa da rarrabawa a waje. Wato mai bidiyo yana da madogara a fili, mai kalanda kuwa ba shi da ita. A ganina wannan koma baya ne. An kafa allo da kuɗin talakawa domin mai wucewa ya karanta ya kai labari gaba, to ina hikimar ɗaure hannun wanda ya kai labarin? 'Ya'yanmu lauyoyi da 'yan majalisa da ke zaune a nan, ga aiki.

Dokar ta bar wata ƙofa da ake kira amfani bisa adalci: amfanin kai, bincike da nazari wanda ba na kasuwanci ba, sharhi, da ba da labarin abin da ke faruwa. Idan aka je gaban alƙali zai duba manufar amfanin, da irin aikin, da yawan abin da aka ɗauka, da ko an rage wa mai haƙƙi kasuwa. Ɗalibar da ta sa hoton allo cikin kundin bincikenta, ko wanda ya tura wa ɗansa a WhatsApp domin ya san asalinsa, ba su ne abin damuwa ba. Kalanda da aka maƙala wa farashi ita ce ta fi kusa da bakin rami, ko da kuɗin na aikin alheri ne.

Yanzu bari in zo kan wanda aka fi zalunta, alhali ba a ko ambatonsa. Shi ne yaron da ya hau babur cikin rana ya je ya ɗauko hoton. Hoton nan nasa ne a doka, na tsawon shekara 50 daga fitar da shi, kuma yana da haƙƙin a ambaci sunansa. Amma me muke yi? Ya sa a Facebook da safe, kafin azahar ya zaga zaurukanmu goma, an yanke sunansa, wani ma ya manna nasa. Da wuya a ga gwamnati ta kai ƙungiyar gari kotu saboda allo. Mai hoto kuwa ɗanmu ne, da aikin yake ci, kuma sabuwar dokar ta ba shi damar rubuta wa masu shafin intanet su sauke abin da aka ɗaukar masa ba izini. Abin kunya ne a ce ɗan gari ne ya sa aka sauke shafin ƙungiyar garinsu. Lokacin da muke koyarwa, yaron da ya kwafi aikin ɗan'uwansa sifiri yake samu, ko da amsar daidai ce.

Shawarata ga kwamiti ita ce ya rubuta wa ma'aikatar jiha mai kula da al'adu takarda, ya lissafa allunan da bai kai shekara 50 da kafawa ba, ya nemi izini a rubuce, a ajiye amsar a fayil. Idan amsa ta yi jinkiri, kamar yadda takardun ofis suka saba, a ɗauki hoton ƙofar ko ganuwar kanta, mu rubuta bayanin da kalmominmu. Wannan ma ya fi, domin wasu allunan da Turanci kawai aka rubuta su, tsofaffinmu ba sa amfana da su. Kowane mai hoto a nemi amincewarsa a takarda, a biya shi abin da aka yi yarjejeniya, sunansa ya fito a ƙarƙashin hotonsa.

Sannan ina roƙon a ɗauki hoton kowane allo a bana, a rubuta ranar ɗauka da wurin da yake, a adana a ofishin ƙungiya. Biyu daga cikinsu tsatsa ta riga ta cinye layin ƙasa, ɗaya kuma masu jari-bola sun fara kwance masa ƙusoshi.