Aikatau Mai Sawa da Karɓansa: Hausar Zamfara da Daidaitacciyar Hausa



Kowane harshe yana da hanyar nuna cewa wani ya sa wani ya aikata abu. Har ma harshen Klingon, wanda Marc Okrand ya ƙirƙiro domin fim a Amurka, ya kuma buga ƙamusunsa a 1985, yana liƙa ɗafa-ƙeya "-moH" ga "ghoj", watau koyo, a sami "ghojmoH", watau koyarwa. Hausa ma haka take yi: fita, fitar, sha, shayar.

F. W. Parsons ne, a 1960, ya kasa aikatau na Hausa aji bakwai, ya sa waɗannan a aji na biyar. Abin lura shi ne, ba su kan ɗauki karɓau kai tsaye ba, sai da "da" a tsakani. Alal misali, "Ya shayar da doki." Idan karɓau biyu ne, wanda aka sa shi ne kan riga zuwa: "Ya sanar da sarki labari." Idan kuwa wakilin suna ne, sai a ce "Ya sayar da ita", ba a cewa "Ya sayar da ta". Amma akwai wata siga mai ƙarewa da "-she" wadda ba ta bukatar "da": "Ya fisshe ta", "Ya gaishe su".

To, a nan ne Zamfara ta shigo. A Gusau da Tsafe da Bunguɗu, kamar sauran Hausar yamma, sau da yawa akan ji "sayas da" ko "fitas da", alhali Bakano "sayar da" yake cewa. Ɗalibin da ya rubuta haka, mai yiwuwa malami ya ja masa jan biro. Amma masana sun nuna cewa "s" ɗin ita ce ta asali, "r" daga baya ta samu. Shaida kuwa tana bakin Bakanon kansa, domin "sh" ɗin "gaishe" ba kome ba ce illa tsohuwar "s" da ta gamu da wasalin "e".

Saboda haka, ya wajaba malami ya koya wa yaro Daidaitacciyar Hausa domin jarrabawa da wasiƙar ofis. Amma kada ya ce masa maganar gidansu kure ce. Tsohuwar siga ce Zamfara ta adana.